Littafin Da Aka Fi Ara A Makarantarmu

Tsufa ya fara ƙwace mini abubuwa da dama, amma wannan rana kam ba zan taɓa mantawa da ita ba. Kafin in ba da labarinta, bari in fara da haƙƙin da aka tauye mini, domin ko ba a rubuta shi a dokar aiki ba, duk mai mutunci ya san shi: idan ka ga abokin aikinka ya nufi rami sanye da babbar riga, wajibinka ne ka ja masa hannun riga. Malaman da muke aiki tare a makarantar nan sun cika ɗaki guda. Babu wanda ya ja.

A wancan lokaci ni ne malamin Hausa, kuma mai kula da ɗakin karatu, a wata sakandaren 'yan mata ta kwana a cikin birnin Katsina. Ba yabon kai ba, aikina a tsare yake. Ina da rijista biyu. Ta farko ta aron littattafai ce, mai ɗauke da suna da aji da ranar ɗauka da ranar mayarwa, har da gurbin bayanin halin da littafi ya dawo a ciki. Ta biyu ta ƙwace ce, inda nake shigar da littattafan soyayyar nan na kasuwa da 'yan mata suka ɗauka tamkar abinci. Daga wani shagon haya da ke wajen Ƙofar Guga ake kawo musu su ranar ziyara, a ƙarƙashin garin kwaki ko a cikin zanen gado. In na kama, sai in shigar a rijista in kulle a kabad. (Gaskiya ɗaya ce: a lokacin ban taɓa karanta ko guda ba. Hoton bango nake duba in yanke hukunci. A riƙe wannan magana ta bango.)

To, sai na ga hani kaɗai ba ya raba yaro da abu sai an ba shi madadi. Na zauna shekara biyu na rubuta nawa littafin, na sa masa suna Sakamakon Rashin Jin Magana: Labari Mai Darussa Goma Sha Biyu Ga Matasa. Labarin wata yarinya ce, Ladidi, wadda ta fara da sayen jan baki ta ƙare da faɗuwa jarrabawa. Kowane babi yana rufewa da darasi da tambayoyi biyar. Ban sa sunana ba, na rubuta "Ɗan'uwanku Mai Kishi", wai don kada a ce na yi don a yabe ni. Da na kai wa mai ɗab'i a Kano, ya ce, "Malam, a yanka shi daidai girman na kasuwa, shi ya fi sauƙi." Na yarda. Sharaɗina ɗaya ne: bango ya zama kore, mai kauri, babu hoto, domin littafin da jikoki za su gada ba a yi masa bango sakaka.

Na zuba kwafi talatin a ɗakin karatu da sunan kyauta daga wani bawan Allah. A daidai lokacin na kafa doka cewa duk littafin labarin da ba ya ɗauke da jan hatimina na AN AMINCE, ƙwacewa za a yi. A nan na yi kuskuren da ko ɗan koyo ba zai yi ba. Ƙa'idar aikin ita ce a buga hatimi a shafin farko na ciki, a sake bugawa a wani shafi na tsakiya wanda mai kula da ɗakin kaɗai ya sani. Ni da na koyar da wannan ƙa'ida ga wasu, da na zo kan nawa littafin sai na buga hatimin a kan bango, ɓaro-ɓaro, don a hango shi daga nesa. Ciki kuwa ban buga komai ba.

Mako biyu babu wadda ta taɓa shi. A mako na uku wata 'yar aji biyar mai suna Zulai, yarinya mai shiru-shiru da ba ta taɓa shiga rijistar ƙwace ba (yanzu na san ba don ba ta da laifi ba ne), ta ɗauko shi daga kan kantar littattafai. Ta juya shi gaba da baya, ta auna tsawonsa da tafin hannunta, ta lanƙwasa bangon kaɗan ta saki.

Ta ce, "Malam, duk wadda aka gani da wanga ba za a amshe ba?"

Na ce, "Ko a gaban Hajiya Shugaba kike karanta shi."

Ta ce, "To a rubuta mani."

Washegari na tarar da layi a ƙofar ɗakin karatu. Kafin mako ya zagayo babu kwafi ko ɗaya a kan kanta, har sai da na buɗe shafi na musamman na masu jiran layi. Kuma abin da ya fi burge ni shi ne yadda ake dawo da shi tsaf. Sauran littattafai kan dawo da tabon manja da kunnen shafi a naɗe, nawa kuwa kamar yau ya fito daga inji. A gurbin bayani nakan rubuta, "An kula da shi matuƙa." Rijistar ƙwace kuma ta bushe ƙarƙaf. Na haɗa waɗannan hujjoji biyu na rubuta wa Hajiya Shugaba rahoto mai shafi huɗu a kan tasirin adabi mai tsafta. Ta karanta, ta dube ni ta saman tabarau, ta ce, "Madalla, Malam."

Wata rana da la'asar na bi ta bayan azuzuwa lokacin nazari. Ta taga na hango kawuna a sunkuye, koren bango a kowane layi. Wata tana share hawaye da gefen hijabi, ta kusa da ita tana zungurinta tana cewa ta yi sauri ta juya shafi. Na ce a raina, ta kai babi na tara, inda Ladidi ke nadama. Ni ma sai da idona ya ciko. Na koma gida na ci tuwo malmala uku.

Wannan duk a shekarar da sojoji suka koma bariki aka miƙa mulki ga farar hula ne. Ko'ina ka juya maganar 'yancin faɗin albarkacin baki ake yi, har masinjan makaranta ya fara cewa sai an tuntuɓe shi kafin a aike shi. Sai ga takarda cewa wani sabon ɗan majalisa, wanda ke cikin kwamitin ilimi, zai ziyarce mu. Za a sayi littattafan labari a raba wa makarantu, kuma Honarabul ya ce zamanin a zaɓa wa mutane abu ya wuce, yana so ya ji daga bakin ɗalibai wane littafi suke so. Aka naɗa ni sakataren taro. Da farko raina ya ɓaci, domin a ganina tambayar yaro abin da zai karanta kamar tambayar majinyaci maganin da zai sha ne. Amma da na tuna da rijistata sai na ga ai dimokuraɗiyya ba ta da laifi. Idan ƙuri'a ake so, ga ƙuri'a a rubuce. Littafina zai shiga jerin gwamnati, ya shiga kowace makaranta a jihar nan, kuma lokaci ya yi da Ɗan'uwanku Mai Kishi zai cire rawani a ga fuskarsa.

Ana gobe taro na kira Malam Sada, malamin lissafi, abokina tun muna kwalejin horon malamai, na faɗa masa sirrin a ɗakin malamai. Shayi ya sarƙe shi. Da tari ya lafa sai ya ce, "Kai ne? Kai ka rubuta koren?"

Na ce, "Ni ne."

Ya ce, "Malam, ka taɓa amsar guda a hannunsu ka buɗe?"

Na ce, "Mai hatimina? Ni ba na zargin abin da na amince da shi."

Ya ajiye kofinsa, sannan ya ce, "To, Allah ya kai mu goben." (Har yau yana cewa wai wannan jan riga ne. Ni kuwa na ce taɓa riga ne, kuma akwai bambanci.)

Da ranar ta zo, ɗakin taron makaranta ya cika. Iyaye sun zo daga cikin gari da GRA, na gayyato yayana, na kuma zo da uwargida, wadda na sa ta ɗaura sabuwar atamfa ba tare da na gaya mata dalili ba. Na umarci ɗalibai talatin da littafin ke hannunsu su zauna a sahun gaba, kowace da nata a kan cinya, domin a ɗaga sama a ɗauki hoto. Na lura sun yi tsuru-tsuru da na ba da umarnin, na ɗauka kunyar baƙi ce.

Honarabul ya iso bayan mun yi awa uku muna jira. Aka yi gaishe-gaishe, aka yi addu'a, aka ba ni lasifika. Na buɗe rijista na karanta sunayen masu aro aji-aji, na kawo hujjar bushewar rijistar ƙwace, na ce ga shaidar cewa 'ya'yanmu in an ba su tsaftataccen ruwa ba za su sha na kwata ba. Sannan na gyara tsayuwa na ce, "Ranka ya daɗe, marubucin da ya ɓoye sunansa, ga shi tsaye a gabanka."

Manyan baƙi suka ɗauki tafi. Yayana ya miƙe yana kabbara. Daga ɓangaren ɗalibai kuwa babu ko tari. Na ɗauka girman abin ne ya kama su.

Honarabul ya karɓi lasifika yana murmushi. "Kun gani ko? Ga romon dimokuraɗiyya tun ba a je ko'ina ba! Malam, wace ce ta fi kowa aron littafin nan?"

Ni da bakina na ce, "Zulai, aji biyar. Sau tara."

Aka fito da ita. Ya ce, "Ɗiyata, ba mu labarin a taƙaice."

Ta ce, "Ranka ya daɗe, akwai darussa a ciki."

"Kamar wane?"

Ta saci kallon bango. "Goma sha biyu ne."

Aka ɗan yi dariya. Ya ce, "Kunya take ji. Kawo, ni in karanta ma jama'a da kaina." Ta riƙe littafin gam, ya ja, ta saki. Ya buɗe tsakiya, ya gyara murya, ya karanta cikin lasifikar da ake ji har bakin titi:

"Ya dube ta ya ce, tun ranar da na gan ki a bakin famfo da bokiti, abinci ya daina yi mini ɗanɗano. Ta sunkuyar da kai ta ce, to ai sai ka ƙara gishiri."

Ɗakin ya fashe. Honarabul ya dube ni, ya ɗaga gira, ya ce, "Kai, Malam! Ashe haka kake a ɓoye?" Ban dubi kowa ba sai uwargida. Ta dafe haɓa tana kallona, irin kallon da ke tambayar wane famfo ne wannan, kuma wace ce mai bokiti.

A wannan daƙiƙa hanya biyu ce a gabana. Da na yi murmushi na yi shiru, da an tashi taro ana cewa malamin Hausa gwanin kalaman soyayya ne, wanda abin kunya ne na kwana bakwai. Amma ni mutum ne da ba ya barin kuskure a rubuce. Na yi tsawa na ce, "Wannan ba rubutuna ba ne!" Na fizge littafin. Bango nawa ne, hatimi nawa ne, ciki kuwa wani littafi ne can na kasuwa, takardarsa ta yi laushi don shan hannu. Kuma maimakon in tsaya nan, sai na juya ga sahun gaba na ce kowace ta buɗe nata ta ɗaga sama. Wato ni na kira binciken, ni na gabatar da shaidu talatin a kan kaina, a gaban mai hoto. Ko ɗaya babu Ladidi a ciki.

Hajiya Shugaba ta yunƙura za ta rufe taro, Honarabul ya hana. Ya ce ai abin da ya zo ji ke nan, kuma ya yi alkawari babu wadda za a hukunta. Ya ce, "Sakatare, zauna ka rubuta." Na zauna na ɗauki biro. Aikina ne.

Zulai ta yi bayani kanta a ƙasa. Da tsinken kamfas na akwatin lissafi suke miƙe wayoyin da suka riƙe littafin, su zare cikin, su sa wanda suke so, su mayar da waya. Nawa cikin kuma sai a adana shi a ƙarƙashin katifa har ranar mayarwa. Ta ce, "Wallahi ba mu taɓa yar da ko shafi guda ba, Malam. Muna kula da shi." Na san da haka. Ni na rubuta.

Honarabul ya ce, "To a cikinku duka babu wadda ta karanta na Malam?"

Can sai wata 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu, Rifkatu, 'yar wani ma'aikacin asibiti mutumin Filato. Ta ce ta karanta babi huɗu don ta gyara rubutun Hausarta.

"Yaya kika gan shi?"

"Hausar tana da kyau, sa. Babu kuskure ko ɗaya."

"Labarin fa?"

Ta dube ni, ta dubi Hajiya Shugaba. "Sa, yarinyar ba ta magana. Kowa sai ya yi mata faɗa, babanta, malaminta, har mai kanti. Ita ba a bar ta ta ce komai ba. Ina ta jira in ji me ya sa ta sayi jan bakin, ba a faɗa ba."

Kamar an buɗe famfo. Wata daga baya ta ce tun daga sunan littafin an san ƙarshensa, to mi za a karanta? Wata ta ce ta leƙa ta ga tambayoyi a ƙarshen babi, ta ce ita jarrabawar da ke gabanta ta ishe ta. Wata ta ce a cikin littafin babu mai dariya, babu mai cin abinci, babu wadda ke da ƙawa. Honarabul ya tambaye su, to su waɗannan na kasuwa mi suke samu a ciki, ban da famfo da bokiti? Zulai ta ɗago kai a karon farko ta ce, "Ranka ya daɗe, ba duka ke da kyau ba, mu ma mun san na banza, ba mu ba junanmu su. Amma wanda ke hannuna, yarinyar so take ta karanta aikin jinya, yayanta ya ɓoye mata fom. Ni ma haka aka yi ma yayata. Mutanen ciki suna magana kamar 'yan gidanmu." Suka shiga ba da shawara: a sayo masu labarin 'yan makaranta irinsu, a sayo kashi na ɗaya da na biyu tare don kada a bar mutum a rataye, a bar ɗalibai biyu daga kowane aji su riƙa karantawa tare da malami kafin a ce an amince ko an hana. Duk na rubuta, da lamba da lamba.

Daga ƙarshe Honarabul, wataƙila don ya share mini hawaye, ya ce, "To ba abin yabo ko ɗaya a littafin Malam?"

Wata ƙaramar murya daga aji ɗaya ta ce, "Bangon yana da ƙwari."

Wannan ma yana cikin rahoton taro, lamba ta goma sha ɗaya, da rubutun hannuna.

Abin da ya fi ci mini rai ba dariyar ba ce. Daga baya na gano cewa matar da ke kula da ɗakunan kwana ta sani tun makon farko, domin ita ke ɗaga katifu. Hajiya Shugaba ta sani, ta ce ta ga yara sun natsu da karatu kuma makinsu na Hausa ya tashi, shi ya sa ta kawar da kai. Malaman mata kuwa, an tabbatar mini, wasunsu har aron koren bangon suke yi a hannun ɗalibai. Da na tsare Malam Sada, cewa ya yi, "Malam, wa zai iya da kai in ka buɗe rijista? Ko na faɗa, shafi za ka nuna mani." Uwargida kuwa, bayan kwana biyu, tana miƙo mini abinci ta ce, "A ƙara gishiri?" Littafina bai shiga jerin gwamnati ba. (Jerin ma ban ga ya fito ba, amma wannan wani ƙorafi ne daban, kuma na rubuta shi inda ya dace.)

A hutun ƙarshen zangon na buɗe kabad na ɗauko ɗaya daga cikin waɗanda na ƙwace, da niyyar in tattara hujjojin lalacewarsa. Na sami kurakuran rubutu fiye da yadda jan birona zai iya bi. Na kuma karanta shi a zama ɗaya, ya ƙare a daidai inda yarinyar ta ɗaga labule ta ga wanda ke tsaye a zaure, aka ce a nemi kashi na biyu. Na birkice kabad ɗin nan kaf, ashe kashi na biyu ban taɓa ƙwace shi ba. Girma ya hana ni tambayar Zulai. Har yau ban san wanda ke zauren ba.

Darasin da na koya, kuma guda ɗaya ne ba goma sha biyu ba, shi ne rijista tana gaya maka wanda ya ɗauka, ba ta gaya maka wanda ya karanta.

Saboda haka, cikin girmamawa, ina gabatar da buƙata. Na janye neman a binciki malaman da suka yi shiru, domin rabinsu sun riga mu gidan gaskiya, sauran kuma za su ce ba su tuna ba. Abin da nake nema daga tsofaffin ɗalibaina, waɗanda yanzu iyaye ne, wasu ma'aikatan jinya, wasu malamai, shi ne a sami mutum ɗaya tak ta karanta littafin nan daga babi na ɗaya har na goma sha biyu, ta rubuto mini ra'ayinta a kan abin da ke ciki, ko mai ɗaci ne. Na yafe tambayoyin ƙarshen babi. Kwafi talatin suna nan a wurina, sababbi fil, kuma a wannan karo zan cire bangon da hannuna kafin in bayar.